Inda Ido Ke Zama a Bayan Madubin Bindiga

Mutum zai sayi madubin saiti mai kyau ya ɗaura wa bindigarsa, ya harba harsashi biyar a mita 100, ya je ya tarar sun watse a takarda, ɗaya can ɗaya nan. Abin da zai fara zargi shi ne madubin, sai harsashin, sai iska. Da wuya ya zargi wurin da ya ajiye idonsa, alhali sau da yawa a nan gizo ke saƙar. Madubi yana zuƙo maka abin hari ne kusa, amma da sharaɗi: sai idonka ya zauna a wuri guda a bayansa a kowane harbi, kuma ya zauna cikin sakewa, ba a takure ba.

Duk gyare-gyaren da za su biyo baya ana yin su ne da bindigar da aka cire wa harsashi, aka buɗe aka duba da ido, bakinta na kallon inda ba kowa. Sannan madubin bindiga ba na leƙe-leƙe ba ne. Duk abin da ka kalla ta cikinsa ka auna shi da bindiga ke nan, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba. In ka ga motsi daga nesa kana son tantancewa, madubin hangen nesa na hannu shi ne na wannan aiki. Kada kuma ka kuskura ka kalli rana ta cikin kowannensu.

Tazarar ido da gilashi

Yawancin madubai na bindigar farauta an ƙera su ne don ido ya tsaya inci 3 zuwa 4 daga gilashin baya, wato wajen santimita 8 zuwa 10. In ka yi nisa fiye da haka, hoton zai tsuke ya koma ɗan ƙaramin da'ira a tsakiyar duhu. In ka matso da yawa, gefen hoton zai dushe, kuma ga babbar matsala: lokacin da bindiga ta yi shuri, bakin ƙarfen madubin zai same ka a gira. Yankan yakan warke da wuri. Abin da yake daɗewa shi ne tsoron da yake bari, domin daga ranar mutum zai riƙa janye kai ko runtse ido kafin harsashi ya fita, ba tare da ya san yana yi ba.

Ga yadda ake gyara tazarar. Sassauta sukurorin zoben da ke riƙe da madubin yadda zai iya zamewa, ka tura shi gaba iyakarsa. In mai canjin ƙarfin zuƙowa ne, kai shi ƙarfin ƙarshe, domin a nan tazarar ta fi gajarta kuma ta fi tsauri. Rufe idanunka biyu, ka ɗora bindiga a kafaɗa, ka kwantar da kunci yadda jikinka ya ga dama, sannan ka buɗe. Kada ka motsa kai. A jawo madubin baya a hankali har hoton ya cika da'irar fes, ba duhu a gefe, a tsaya nan. Dalilin farawa daga gaba shi ne ka samu cikakken hoto a wuri mafi nisa da girarka. Madubi ake kawowa wurin ido. Wanda ya ɗaure madubinsa tukuna sannan ya riƙa miƙa wuya yana neman hoto, ya ɗora wa kansa aikin da ba zai iya maimaitawa daidai sau biyu ba.

Kafin ka ɗaure, gwada a yanayin da za ka fi yin harbi. Mai harbi ruf da ciki kansa yakan yi gaba fiye da na tsaye, haka ma mai harbi zuwa saman tudu, girarsa takan matso gilashi sosai. Riga mai kauri tana ƙara tsawon gindin bindiga, mara kauri tana rage shi. Da ka gamsu, yi alama da fensir a jikin bututun madubin, ka ɗaure sukurori bi da bi, kaɗan-kaɗan, da ƙarfin da maƙerin zoben ya rubuta. Matsewa fiye da kima tana iya lotsa bututun ta hana kayan cikinsa motsi yadda ya kamata.

Kunci shi ne ke riƙe ido

Ido ba shi da abin jingina sai ƙashin kunci. In kuncinka na sauka a wuri guda a kan gindin bindiga, da nauyi iri guda, idonka zai dawo inda yake a kowane lokaci. Matsalar ita ce bindigogi da yawa an yi gindinsu ne don saitin ƙarfe, wato ƙananan ƙarafan gaba da baya da ake auna harbi da su ba madubi, wanda ke ƙasa-ƙasa kusa da bututun bindiga. Da aka ɗora madubi, musamman mai faffaɗan gilashin gaba na milimita 50 ko 56 wanda ke buƙatar dogayen zobba, sai layin gani ya yi sama. Mai harbi ya koma ɗora haɓa a maimakon kunci, kai na lilo a kan wuya. Maganinsa ko dai a sauke madubin da gajerun zobba in gilashin gaba ba zai taɓa bututun bindiga ba, ko a ƙara wa gindin tudu da matashin kunci da ake ɗaurawa. Gwajin dai shi ne na ɗazu: rufe ido, kwantar da kunci, buɗe. In sai ka ɗaga kai ko ka danne shi kafin ka gani, da saura.

Kai ya zama a miƙe gwargwadon iko, bindiga ce za ta taso ta samu fuska. In ka sunkuyar da kai sosai, za ka riƙa kallo ta ƙarƙashin gira, jijiyoyin ido su gaji da wuri. Mai sa tabarau kuma zai koma kallo ta kusurwar gilashinsa, inda hoto ya fi karkacewa.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata kowane mai madubi ya sani. Hasken da ke fitowa ta gilashin baya yana zuwa ne a matsayin ɗan da'ira, kuma faɗinsa shi ne faɗin gilashin gaba a raba da ƙarfin zuƙowa. Madubin da aka rubuta wa 3-9x40 yana da gilashin gaba na milimita 40, ƙarfin zuƙowarsa kuma daga 3 zuwa 9. A ƙarfi na 3, da'irar hasken ta haura milimita 13. A ƙarfi na 9 ba ta kai 4 da rabi ba. Riƙe madubin nesa da fuska ka fuskanci haske, za ka ga ɗigon da idonka, ka murɗa ƙarfin ka ga yana tsukewa. Ita kuwa ƙofar haske da ke tsakiyar baƙin ido takan kasance milimita 2 zuwa 3 da rana tsaka, ta buɗe zuwa wajen 7 a duhu ga matashi, ga mai shekaru kuwa takan tsaya wajen 5. Wannan ne ya sa a babban ƙarfi, da ka ɗan gusa kai sai wani duhu mai siffar jinjirin wata ya shigo ta gefe, kuma shi ya sa hoto ke dushewa da almuru in ba ka rage ƙarfi ba. Duk lokacin da ka ga wannan duhu a gefe, idonka ya bar tsakiya, kada ka harba sai ka gyara.

Gyara zaren saiti ga idonka

Zoben da ke can ƙarshen madubi ta wajen ido ba na gyara hoton abin hari ba ne, kodayake mutane da yawa haka suke amfani da shi. Aikinsa shi ne fito da zaren saiti, wato gicciyen da ke ciki, daidai da ƙarfin idon mai bindigar. Sau ɗaya ake yi a bar shi.

Fuskanci farin bango ko sararin sama inda ba rana, yadda ba abin da ido zai kama sai zaren. Murɗa zoben waje har zaren ya dushe. Kawar da kai ka kalli wani abu mai nisa na ɗan lokaci, ka dawo ka leƙa na sakan ɗaya ko biyu kacal. In bai fito ba, ƙara rabin murɗi ciki, ka sake kawar da kai, ka sake leƙawa. Sirrin yana cikin gajeren leƙen. Ido, musamman na matashi, yana da ƙoƙarin gyara hoto da kansa. In ka zura masa zare mai dishi-dishi na sakan biyar zai yi ta fama har ya fito da shi, kai kuma ka ɗauka ka gama gyara. Sai an yi rabin awa ana harbi ka ji ido na zafi, kai na sarawa, zaren na fitowa yana ɓacewa. Abin da ake nema shi ne zaren ya fito baƙi siɗik a leƙen farko.

Yi wannan da tabaran da za ka yi harbi da shi. In ka haura shekara 40, riƙa sake dubawa lokaci-lokaci domin ido na canzawa. In kuma duk yadda ka murɗa, layin tsaye ya fito amma na kwance ya ƙi, ko akasin haka, wannan ba aikin zobe ba ne, na likitan ido ne.

Faralaks

Nan ne aka fi yin asarar harsashi ba a san dalili ba. Wanda ke zaune a gefen direba in ya kalli allurar ma'aunin gudu, zai ga tana nuna wata lamba dabam da wadda direba ke gani, saboda akwai tazara tsakanin allurar da lambobin, shi kuma daga gefe yake kallo. Haka abin yake a cikin madubi. Gilashin gaba yana ajiye hoton abin hari a wani wuri cikin bututun, zaren saiti kuma yana nasa wurin. In wuraren biyu sun haɗu, ko ta ina ka leƙa zaren na nan kan abin hari. In ba su haɗu ba, da ka gusa ido sai zaren ya gusa a kan abin hari alhali bindiga ba ta motsa ba, wannan shi ake kira faralaks.

Gwajinsa ba wuya. Kafa bindiga a kan buhunan yashi ta zauna daram, zare a kan ɗigon takarda. Ɗage kuncinka kaɗan yadda ba ka taɓa ta, ka ɗan kaɗa kai sama da ƙasa, hagu da dama. In zaren na yawo a kan ɗigon, akwai faralaks. Madubin da ke da abin gyara shi, ko dai mamurɗi a gefen hagu ko zobe a gilashin gaba, sai a murɗa a hankali ana kaɗa kai har zaren ya manne wuri guda. Lambobin mita ko yadi da aka rubuta a jikin mamurɗin kusantarwa ce kawai, kada ka dogara da su. Kada kuma ka tsaya don hoto ya fito sarai, domin ido na iya fito da hoto alhali faralaks na nan. Tsayuwar zare ita ce shaida. In ka lura inda hoto ya fi fitowa dabam, inda zare ya tsaya dabam, koma ka sake gyara zoben baya, shi ne bai zauna ba.

Madubai da yawa ba su da wannan mamurɗi. Na manyan bindigogi galibi an tsayar da su a yadi 100, kusan mita 91, na ƙaramar bindiga .22 kuma a yadi 50. Girman kuskuren yana da iyaka, ana iya lissafa shi. A ce gilashin gaba milimita 40 ne, an tsayar da faralaks a mita 100. In ka harbi abu a mita 300 idonka na can gefen da'irar haske, kuskuren zai iya kaiwa santimita 4. A mita 25 zai iya kaiwa santimita 1 da rabi. Ga mai harbin babban abu a matsakaiciyar tazara wannan ba wani abin tayar da hankali ba ne. Ga mai bindigar iska da ke harbin ɗan ƙaramin ɗigo a kusa kuwa, shi ne bambancin samu da rashi, shi ya sa madubansu kan iya saukowa har yadi 10. Abin lura, duk wannan kuskure yana faruwa ne in ido ya bar tsakiya. Mai kunci tsayayye ko da madubi mara mamurɗi zai yi harbi mai kyau.

Ido ɗaya ko biyu

Kusan kowa yana da idon da ƙwaƙwalwarsa ta fi saurara. Miƙa hannuwanka biyu, ka haɗa su ka bar 'yar ƙofa tsakanin yatsu, ka kalli wani abu mai nisa ta cikinta da idanu biyu a buɗe. Jawo hannuwan a hankali zuwa fuska ba tare da ka rasa abin ba. Idon da suka sauka a kansa shi ne shugaba.

A ganina barin idanu biyu a buɗe ya fi, matuƙar mutum zai iya. Runtse ido ɗaya yana jan naman fuska, ɗayan ma ya ɗan tsuke, kafin a jima fatar ido ta fara rawa. Ga kuma maganar tsaro, idon da ke buɗe shi ke ganin mutum ko dabbar da ke shigowa ta gefe, abin da madubi mai kunkuntar fili ba zai nuna maka ba. A ƙaramin ƙarfi, 1 zuwa 4, abin na zuwa da sauƙi. A babban ƙarfi hotunan biyu kan yi gardama, wasu sai sun ɗan lumshe ɗaya a sakan na ƙarshe, kuma ba laifi ba ne.

Wanda hannunsa na dama ne amma idon hagu ke shugabanci, shi ne zai fi shan wahala. In sabon koyo ne, ya fi masa sauƙi ya koyi harbi daga kafaɗar hagu tun farko. In ya riga ya saba, ya manna ɗan salatif mai dishi-dishi a gilashin hagu na tabaran kariya, daidai inda ido ke kallo. Haske zai shiga amma hoto ba zai fito ba, sai ƙwaƙwalwa ta koma ga idon dama. Abin da bai kamata ba shi ne ƙetara gindin bindiga da fuska don kai idon hagu bayan madubi, wannan na rushe zaman kunci gaba ɗaya.

Me ake kallo, kuma har tsawon wane lokaci

A saitin ƙarfe dole ido ya zaɓi abu guda cikin uku ya fito da shi: ƙarfen baya, ƙarfen gaba, ko abin hari. A madubin da aka gyara daidai, zare da abin hari suna fitowa tare, don haka abin da ya rage shi ne inda hankali zai tsaya. Tsayar da shi a mahaɗar zaren, a kan wani ɗan ƙaramin wuri takamaimai: ɗigon tsakiya, ko kusurwar murabba'i a takarda. Wanda ya auna abu gaba ɗayansa, kuskurensa ma girman abin zai yi.

Kada ka daɗe. Bayan numfashi ya fita akwai ɗan tsaiko na sakan 2 zuwa 3 kafin a shaƙi wani, a nan ƙirji ya fi natsuwa, kuma ana iya ɗan tsawaita shi. In ka kai sakan 8 zuwa 10 ba ka harba ba, gani zai fara dushewa, hannu ya fara rawa, zuciya ta fara ingiza ka ka fizgi kunama don a huta. Sauke yatsa, ƙifta ido, kalli wani abu can nesa, yi numfashi biyu ko uku, ka sake farawa.

Zare ba ya tsayawa cak, sai dai in a kan buhu. Yana ɗan yawo, kuma ƙarin ƙarfin zuƙowa ba ya ƙara yawon, nuna maka shi kawai yake yi. Amma ganinsa na sa mutum ya fara farautar lokacin da zaren zai gifta tsakiya don ya fizga, wannan kuwa ya fi yawon illa. Mai harbi a tsaye ya rage ƙarfi zuwa 4 ko 6, ya yarda da ɗan yawon, ya matsa kunama a hankali kai-tsaye zuwa baya. Haka ma in rana ta take, kawalwalniya na sa abin hari rawa, ko zafin bututun bindiga na tasowa gaban gilashi bayan harbi da yawa, rage ƙarfi ya fi. Sai dai a kula, a madubai da yawa zaren ba ya canza girma in an murɗa ƙarfi, don haka ƙananan alamomin da ke ƙasan mahaɗa suna aiki daidai ne a ƙarfi guda kawai, galibi na ƙarshe. Mahaɗar tsakiya ita ce ba ruwanta. Mai zare mai fitila kuma ya rage haskenta da almuru, in ta yi yawa za ta rufe abin harin.

Akwai kuskuren da ido ba ya kamawa da kansa, wato karkata bindiga gefe. Ido na auna miƙewa da abin da yake gani, in ƙasa gangare ce sai ta ruɗe shi. Karkatar digiri 6, tazarar minti ɗaya ke nan a fuskar agogo, a nisan da harsashi ke faɗuwa mita 1, za ta kai shi wajen santimita 10 gefen da aka karkata, ya kuma ɗan yi ƙasa. A kusa ba a ji, a nesa ne take fitowa. Lokacin ɗaura madubi, rataye igiya mai nauyi a ƙasa ka daidaita layin tsaye da ita, bindigar kuma tana zaune daidai. Mai harbin nesa ya ɗaura ɗan ma'aunin ruwa mai kumfa a jikin bututun madubin.

Jiki ma yana da inda yake son fuskanta. Yi saiti, rufe ido, yi numfashi biyu, saki jiki, buɗe. In zaren ya koma wani wuri, da ƙarfin damtse kake riƙe da shi ɗazu. Gyara ƙafa ko ƙugu, jiki duka ya juya, har sai ka buɗe ido ka tarar da zaren inda ka bar shi.

Bayan harsashi ya fita

Ido ya ci gaba da kallo ta cikin madubi, kunci na nan, yatsa na riƙe da kunama a baya na sakan ɗaya ko biyu. Ya kamata ka iya faɗin inda zaren yake a daidai lokacin da bindiga ta tashi: tsakiya, ko ɗan hagu, ko sama. In ba za ka iya faɗa ba, ka ƙifta ido ke nan kafin harbin. Hanyar kama wannan ita ce abokin harbi ya sa maka harsashin gwaji wanda ba ya tashi a tsakanin na gaske ba tare da ka san na nawa ba ne. Da ka zo kansa za ka ga bakin bindiga ya yi ƙasa, idonka a rufe. Toshe kunne da kyau na rage wannan sosai, domin ƙara na cikin abin da ke firgita jiki. Atisaye ba harsashi ma na taimakawa, amma bindiga .22 tana son harsashin roba a ciki don kada allurarta ta daki ƙarfe, bindigar iska mai sifirin kuwa ba a harba ta wayam, tana lalacewa.

Sai duk wannan ya zauna sannan a taɓa mamurɗan sama da gefe, masu gusar da inda harsashi ke sauka. Harba 3 zuwa 5 a wuri guda, ka nemi tsakiyar rukunin, daga nan za ka auna gyara, ba daga harsashi ɗaya ba. In an rubuta 1/4 MOA a mamurɗin, kowane ƙas yana gusar da harbi kusan milimita 7 a mita 100. In 0.1 mil ne, santimita 1 ne cif. A mita 50 rabin haka ne, a mita 200 ninki biyu. Rukunin da ya haɗu amma ya kauce wa tsakiya, aikin mamurɗi ne. Wanda ya miƙe sama da ƙasa, duba numfashi da nauyin kunci. Wanda ya baje hagu da dama ba iska, duba yatsa da karkata. In kuwa rukuni biyu ne a takarda ɗaya, uku nan biyu can, galibi ka ɗaga kai a tsakani ka dawo da ido wani wuri dabam, ko kuma sukurorin zobe sun sassauta, sai ka fara duba su kafin ka sake sa harsashi.